Motar Shagon Danny Ba Ta Mutuwa

Litinin, 5 ga Maris, da yamma

Manaja ta tara mu yau a ofis. Ƙungiyar manoman da nake wa aiki ta samu a-kori-kura, kuma ba za a ɗauki direba ba. Daga daminar bana, wanda ke kai iri da taki Girei da Namtari shi zai riƙa tuƙa ta da kansa. Aikin nan nawa ne tun ana yin sa a kan babur. Ta ce bayan Ista za ta zauna a gefe, in tuƙa, Albert ma ya tuƙa, daga ofis a haye gada zuwa Girei. Wanda ya iya, ƙauyuka nasa ne. Wanda bai iya ba, sito.

Albert jiya-jiya ya zo wurin nan. Da ta ambaci sunansa ko ɗago kai bai yi ba. Wanda magana ta zo wa ba zato yakan ɗago kai.

Da muka fito ya ce, “Oga Zadok, kada ka damu kanka fa. Sito ma akwai fanka.” Na yi dariya don kowa ya yi.

Ban taɓa tuƙa mota ba. Babur na sani, kuma tun abin watan Janairu matata Liyatu ta ɓoye makullinsa. Ban tambaye ta inda yake ba.

Laraba, 7 ga Maris, bayan la’asar

Na fara koyo. Maƙwabcinmu Bappayo, tsohon direba ne mutumin cikin Yola, yana da tsohuwar Fijo da ke kwana ƙarƙashin dalbejiyar da ke tsakanin gidajenmu a Nassarawo. Ya kai ni wani fili a hanyar Namtari inda ba kowa sai awaki.

Dokarsa ta farko: a cire takalmi. Wai duk wanda ya koya wa, da ƙafa tsirara ya fara.

“Malam Zadok, kuloci ba ya magana da takalmi. Da tafin ƙafa yake magana.”

Na ce masa, Bappa, ni da takalmina zan koya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa.

Ya ce sakin kuloci kamar sakin igiyar maraƙi ne, in ka sake gaba ɗaya ya fizge ka. “Seese, seese,” haka yake ta faɗa, wato sannu sannu. Na taka, na sa giya ɗaya, na fara saki. Mota ta yi tsalle ta mutu. Na sake. Ta mutu. Har rana ta yi ja ba mu kai wurin awakin nan ba.

Ranar farko ce. Kowa haka yake farawa, ina jin.

Alhamis, da safe

Na sha ƙwayar safe. Miyar jiya ma ba gishiri.

Asabar, 10 ga Maris, da azahar

Albert ne ya ba ni labarin wani shago kusa da kasuwar Jimeta inda ake wasan mota a kwamfuta. Na yi ta juya dalilinsa na gaya mini, sannan na je.

Mai shagon, Danny, ƙato ne mai yawan dariya. Yana da kujera guda a lungu da sitiyari na gaske, da sandar giya, da abin takawa uku a ƙasa: kuloci, birki, totur. A gabanka ga babban allo, ga titi, ga tudu, ga motoci. Ya ce direbobin tirela ma na zuwa su huta a kanta.

Na zauna. Motar cikin allo ta mutu kamar ta Bappayo. Ta sake mutuwa. Samarin da ke buga ƙwallo a sauran kwamfutocin suka fara juyowa. Wani ya ce, “Baba ya sake kashe ta.” Danny ya daka musu tsawa, ya ce in je in sha ruwa, zai gyara mini zaman kujera.

Da na dawo, sai ta tashi. Ta tafi sumul. Ɗaya, biyu, uku, har huɗu. Na wuce wata babbar mota a kan tudu.

“Oga, you don sabi am! Ka iya!” in ji Danny. “Ai kujera ce ta yi maka nisa.”

Na daɗe ban ji irin daɗin nan ba. A cikin keke muna dawowa hannuna na dama yana ta sa giya a iska, har wata mata ta matsa.

Talata, 13 ga Maris, da magariba

Fijo ta mutu yau kamar ranar farko. Na ce a matso da kujera. An matso. Ta mutu.

Zan bi abin daki-daki. A shagon Danny ina taka kuloci, ina saki, mota ba ta mutuwa. A wurin Bappayo ina yin daidai abin da nake yi can, mota tana mutuwa. Mutum ɗaya ne, ƙafa ɗaya ce. To mene ne ya bambanta?

Ba ni ba ne. Motar ce.

Alhamis, 15 ga Maris, da hantsi

Albert ya sauke ni a gida jiya da motar yayansa, ba tare da na roƙe shi ba. Ya hangi Bappayo a kan tabarma ya ɗaga masa hannu, ya gaishe shi da Fulatanci: “Bappa, jam na?” Shi kuma ya amsa da fara’a kamar sun saba.

Na tambayi Bappayo ina ya san shi. Ya ce, “Wa? Yaron nan? Gaisuwa ne ya yi, na amsa.”

Wataƙila haka ne. A garin nan kowane dattijo Bappa ne. Amma na lura.

Jumma’a, 16 ga Maris, bayan azahar

Na yi abin da ba na alfahari da shi. Da Bappayo ya tafi masallaci na karɓi makulli a wurin iyalinsa, na ce na manta hulata a ciki. Na riga na kira wani bakanike ɗan cocinmu. Ya zagaya unguwa da ita, ya dawo, ya leƙa ƙarƙashi.

“Brother Zadok, kulocin nan kamar man shanu yake. Tsohon nan yana kula da ita fiye da yadda nake kula da matata.”

Na ce ya tabbata ba a ɗaure wani abu ba, ba a sassauta wani abu ba? Ya ce wa zai yi haka, don me? Sai ya dafa kafaɗata ya tambaye ni jiki. Na ce jiki lafiya, mota na kira shi ya duba.

Bayan ya tafi na tuna matarsa ’yar garinsu Albert ce.

Asabar, da yamma

Shagon Danny. Na kai kaya wani gari mai dusar ƙanƙara ban goge kowa ba. Ko sau ɗaya ba ta mutu ba.

Litinin, 19 ga Maris, bayan la’asar

Wani sabon abu. Da na shiga Fijo yau gwiwata ta bugi sitiyari. An ja kujerar gaba sosai, kuma akwai ƙaramin matashi a kanta. Bappayo ya fi ni tsawo. Ya zare matashin da sauri ya jefa baya.

Na ce, “Bappa, ashe ba ni kaɗai ba ne ɗalibi.”

Ya ce, “Baya na ne yana ciwo.”

Wanda bayansa ke ciwo ba ya jan kujera gaba. Wani gajere yana shiga motar nan kafin ni. Albert gajere ne.

Ta mutu sau da yawa. Ban ƙirga ba, da gangan. A dawowa Bappayo ya ce, “Malam Zadok, ka cire takalmin nan mana in ga abin da ƙafan yana yi.” Na ce ƙasan motarsa akwai zafi.

Laraba, 21 ga Maris, da safe

Zafin garin nan ya kai inda fanka ke hura wuta. Liyatu ta dawo jiya daga koyon waƙoƙin Ista na Zumuntar Mata, ta zauna a kan tabarma tana matsa ƙwaurinta na hagu.

“Wash, Baban Debbie, ƙafar nan tawa ta hagu kamar ba tawa ba.”

Na dube ta. Ta tashi ta shiga kicin.

Shekarunmu da yawa tare, ba ta taɓa yi mini ba’a da irin wannan ba. Ko ba ba’a ba ce? Tafin ƙafarta baƙi ƙirin yake, kamar ta taka gawayi. Yaushe aka fara rera waƙa babu takalmi?

Alhamis

A ofis kowa yana buɗe mini ƙofa. Na gaji da mutanen kirki.

Lahadi, 25 ga Maris, bayan sujada

Shugabar Zumuntar Mata ta tare ni a bakin coci da ganyen dabino a hannunta.

“Baban Debbie, a gaishe da Liyatu da jinya. Mun ce mata kada ta damu da zuwa koyon waƙa, ta zauna ta kula da kai.”

Na ce yaushe rabonta da zuwa? Ta ce ai tun farkon wata.

Na ce to, na gode.

Mun dawo gida a keke ɗaya, ni da Liyatu da ’yarmu Debbie. Na ci abinci. Na yaba miya.

Ba zan rubuta abin da ya zo mini a rai ba. Ranakun da take fita, motar Bappayo ma ba ta ƙarƙashin dalbejiya. Mutumin ya isa ya haife ta. Ba zan rubuta ba.

Litinin, da safe

Na sha ƙwayar safe. Ban je fili ba. Na aika a ce masa aiki ya riƙe ni.

Talata, 27 ga Maris, da yamma

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ba ƙari.

Na je shagon Danny don kaina ya huce. Ina kan wani dogon tudu, zan sauya daga uku zuwa biyu, sai takalmina ya zame daga kan kuloci. Yakan yi haka. Hannuna ya riga ya tafi, giya ta shiga. Mota ba ta yi ƙara ba, ba ta yi tari ba. Ta ci gaba da hawa.

Na tsaya a gefen titin cikin allo. Na janye ƙafar gaba ɗaya na ajiye ta ƙarƙashin kujera. Na sa giya ɗaya. Ta shiga. Na taka totur. Ta tashi sumul. Biyu. Uku. Na taka birki har ta tsaya cak a cikin giya, abin da Bappayo ya ce ko sabuwar mota ba ta yafewa. Injin yana ta gurnaninsa.

Na kira Danny. Na nuna masa. Dariyar nan tasa ta tafi.

“Oga, seti ne kawai. Akwai inda ake sa kwamfuta ta taka wa mutum.”

“Tun yaushe?”

Ya sosa ƙeya.

“Tun ranar da ka ce in je in sha ruwa?”

“Oga, no vex.”

Na ce wa ya sa shi? Ya rantse da kabarin uwarsa ba wanda ya sa shi. Wai ya ga yadda ƙafar ke rawa, ya ga yaran nan suna dariya, zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Na ce wace ƙafa? Ya dubi allo.

Na ce, “Albert yana zuwa nan?”

“Yana zuwa buga ƙwallo, Oga. Bai taɓa yi mini maganarka ba.”

Wanda bai taɓa yin maganata ba, yaya aka yi Danny ya san wane Albert nake nufi?

In Albert ne, dabarar ta yi kyau: a bar ni ina jin na iya, in je in kashe motar ofis a tsakiyar gada a gaban Manaja. In kuma Danny ne da kansa, to tausayi ne. Na rasa wanne ya fi ci mini rai.

Makonni ina taka abin da ba ya jin ana taka shi.

Alhamis, 29 ga Maris, bayan la’asar

Ta ɗaura ɗankwali ta ce ta tafi koyon waƙa. Na bari ta sha kwana, na tari keke. Ban ce a bi ta ba. Na ce a kai ni hanyar Namtari, don zuciyata ta riga ta san wurin.

Na sauka nesa, na tsaya bayan wata tsamiya.

Fijo tana zagaya filin. Bappayo ba ya ciki. Yana tsaye a rana da carbinsa, ya jera duwatsu biyu, yana ɗaga hannu. Motar ta tsaya, ta yi ribas, ta shige tsakanin duwatsun ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta sake tashi. Na kasa kunne in ji ta mutu. Ba ta mutu ba.

A gindin bishiyar da muke ajiye ruwa, ga takalman Liyatu, waɗanda na sayo mata a Kirsimeti, an jera su gefe da gefe.

Na ji Bappayo yana ihu, “Yawwa Maman Debbie! Haka ne! Ka ba shi wuta kaɗan!”

Na juyo. Sai da na yi tafiya mai nisa kafin na samu keke, kuma tafiya ba ta yi mini sauƙi yanzu.

Abin da na ƙi rubutawa ranar Lahadi, Allah ya gafarta mini shi. Amma sauƙin da na ji bai daɗe ba. Me ya sa take koyo? Wa ya gaya mata ba zan iya ba?

Jumma’ar Ista, da rana

Bayan mun dawo daga coci na ce mata, “Ribas ɗinki ya yi kyau.”

Tana tsince shinkafa. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

“Ai na gan ka. Tsamiyar ba ta kai ka faɗi ba.”

Na ce me ya sa ta ɓoye mini? Ta ce ni me ya sa nake kwana da safa a wannan zafin?

Na ce wannan ba amsa ba ce.

Ta ajiye faranti. “Baban Debbie, likita ya ce a riƙa kai ka gashin ƙafa a Yola duk mako. Ka je sau ɗaya ka ce ba ka ƙara hawa keke a gan ka ana tallabe ka a ƙofar asibiti. To na ce bari in koya in riƙa kai ka da kaina, a motar Bappa, mu shiga har ciki ba mai ganinka. Laifina ke nan.”

Na ce Bappayo ne ya kawo mata maganar? Ta ce ranar farko da ya dawo da ni daga fili ya kira ta gefe ya ce, mijinki yana da kai, yana da hannu, amma ƙafan bai dawo ba, kada ku bar shi ya hau gada.

“Da kai za a yi maganar, amma wa ya isa? Kowa ya sani. Manaja ta sani, ’yan coci sun sani, Debbie ta sani. Kai kaɗai muke ɓoye wa.”

Na tambaye ta shagon Danny. Ta ce ita ko hanyar wurin ba ta sani ba. Na dubi idonta. Ina jin gaskiya ta faɗa. Ina jin.

Na ce in na rasa ƙauyukan nan fa? Manoman Girei da suka san ni tun ina saurayi, masu ajiye mini kifi in na zo? Ta ce, “In ka faɗa Binuwai da motar mutane ma ka rasa su.”

Asabar, 31 ga Maris, da hantsi

Na koma wurin Danny da wuri kafin samari su cika. Na ce ya mayar da kulocin yadda Allah ya yi shi, kuma ya tsaya nan in ga hannunsa. Na cire takalmi. Na cire safa. Bai kalla ba, ko ya yi kamar bai kalla ba.

Takawa ba wuya. Riƙewa a tsakiya ce, wurin da Bappayo ke cewa seese. Nan take fara rawa, sai ta saki da kanta.

Na zaɓi tudu. Motar ta mutu, ta gangaro da baya, ta daki wata ƙaramar mota ja. Allo ya tambaye ni ko zan sake farawa. Na sake. Ta sake dukan motar nan ja.

Na zauna ina kallonta. A hawan gadarmu da safe, abin da ke bayanka ba jar mota ba ce. Keke ne cike da ’yan makaranta.

Lahadi

Yau Ista. Ubangiji ya tashi daga matattu. Mun ci shinkafa da kaza. An sa gishiri kaɗan saboda biki.

Laraba, 4 ga Afrilu, da yamma

Yau ce ranar.

A-kori-kura tana tsakar ofis an wanke ta. Manaja ta ce babba ne zai fara. Ta zauna a gefena da jakarta a cinya, Albert ya tsaya a waje yana latsa waya. Ta miƙo mini makulli.

Na sa shi. Na ɗora ƙafa a kan kuloci na taka har ƙasa. Na ɗago zuwa tsakiya na riƙe, ban tayar da injin ba. Ina so in ba ta dama ta ƙarshe ta ƙaryata ni. Ta fara rawa, har makullan suna kaɗawa. Manaja ta ƙura wa bangon gabanmu ido kamar an rubuta wani abu a kai.

Na zare makullin.

Na ce, “Hajiya, ƙafata ta hagu ba ta warke ba tun shanyewar da na samu a Janairu. Ba zan iya hawa gada da motar nan ba.”

Ga shi na faɗa, ga shi na rubuta. Ban san gajeriyar magana ce haka ba.

Ta sauke numfashi ta ce, “Malam Zadok, Allah ya ƙara sauƙi.” Ba ta ce a jira ni ba, ni ma ban roƙa ba. Damina ba ta jiran ƙafar kowa. Daga Litinin ina sito.

Na fito na ba Albert makulli. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, “Oga, ni fa ban san gonar kowa ba a Girei. Ranar da za a kai iri ko za ka zauna a gefena ka nuna mini mutane?”

Na ce zan duba. Har yanzu ban sani ba ko ladabi ne ko kuwa so yake ya kwashe abin da ya rage. Wataƙila duka biyun. Wataƙila ni ne.

Sito akwai fanka. Gaskiya ya faɗa.

Jumma’a, 6 ga Afrilu, da azahar

Liyatu ta kai ni gashi a Yola. Bappayo ya ba da mota ya ce shi ba ya zuwa, ɗalibinsa ya gama. Ta ajiye takalmanta a ƙarƙashin kujera, ta sa matashinta.

Muna fita unguwa ta ce, “Mai gashi ya ce hannun hagun ma yana son aiki. Ga giya nan kusa da shi. Ni zan taka, in na ce yanzu, ka sa.”

Na ce wannan ba tuƙi ba ne, wasan yara ne. Ta ce ai na saba da wasa.

Na ɗora hannun. “Yanzu.” Biyu. “Yanzu.” Uku. Hannun yana da nauyi, amma yana zuwa. Iska mai ƙanshin hadari tana shigowa ta taga.

A shataletale wani mai keke ya yanko gabanmu, ta taka birki, ta ce yanzu, na nemi ɗaya na sa uku. Mota ta yi tsalle ta mutu. Aka hau yi mana hon ta ko’ina. Wani ya leƙo yana cewa, “Madam, ki koma kicin mana!”

Ta ce, “Yi haƙuri Baban Debbie, ni ce na saki da wuri.”

Na ce a’a. Ba ke ba ce, ba motar ba ce. Ni ne.

Na mayar da giya tsakiya, ta murɗa makulli.